Yadda A Ke Koyon Tuƙa Ɗan Jirgin Sama Daga Ƙasa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Gumel ya san motar kara. Da an gama girbin gero da dawa, sai ka ga yara sun taru a inuwa, kowa da 'yar wuƙarsa da tulin sille, wannan yana fere taya, wancan yana kafa bodi. A cikinsu kuwa ba a rasa guda wanda mota ba ta dame shi ba. Shi dai sai ya gicciya kara biyu, ya soka musu bindi, ya ɗaga sama yana gudu yana ruri da baki, wai jirgi ya ke tuƙawa. Saboda irin wannan yaro na ɗauki alƙalami yau, amma da malaminsa na ke magana, da kuma akawun da ke da ɗan abin hannu da sha'awar sanin yadda abubuwa ke aiki. Gama yanzu akwai ɗan jirgin da faɗin fukafukansa bai kai gaba guda ba, mutum yana tsaye a ƙasa da 'yar akwati a hannu, ya tashe shi, ya kewaya da shi, ya komo da shi gabansa ya sauke. Ba tsafi a ciki ko kaɗan. Ilmi ne da horo, kuma mai haƙuri yana iya koyo.

Kada wani ya raina abin don ana ce da shi abin wasa. Marubucin tarihin nan Al-Maƙƙari ya ruwaito cewa a ƙarni na 9 wani masani na Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, mai suna Abbas ibn Firnas, ya ɗaura wa kansa fukafukai ya yi tafiya a sama, amma wajen sauka ya bugu a baya, domin bai yi wa kansa bindi irin na tsuntsu ba. Ku riƙe maganar bindin nan, za mu komo kanta. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya ƙera ɗan jirgi wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya masa farfela, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11 a birnin Faris. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa wani abin wasa mai tashi, wanda aka yi bisa dabarar Bafaranshen nan. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda jirginsu mai inji ya tashi da mutum ran 17 ga Disamba, 1903, ya yi ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12. Shekara 22 bayan haka, ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, zamanin Sarki Usman, mutanen birni suka fito kallo.

Sarrafa abu daga nesa da rediyo kuwa, Nikola Tesla ya nuna shi tun 1898 da wani ɗan kwalekwale a birnin Niyok. A 1937 waɗansu tagwaye Amurkawa, Walter da William Good, suka tashi ɗan jirgin da a ke tuƙawa da rediyo. Inda abin ya kai, wani dattijo mai suna Maynard Hill, wanda ganinsa da jinsa duk sun raunana, ya ƙera ɗan jirgin da nauyinsa bai wuce kilo 5 ba. A watan Agusta na 2003 aka tashe shi daga gaɓar Kanada, ya haye tekun Atalantika, na'urar cikinsa na riƙe da hanya, ya yi mil 1,882 cikin sa'a 39 ba kaɗan, har wani abokinsa ya tarye shi da rediyo ya sauke shi a Ailan.

Mu ma nan Arewa ba mu rasa masu wannan zuciya ba. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya bazu a jaridun duniya, sa'ad da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kamar ƙafa 7. Na yaba ƙoƙarinsa ƙwarai, amma ba ta nan zan so malami ya bi da almajiransa ba. Jirgin da mutum ke ciki, kuskure guda ya isa ya yi rai. Ɗan jirgin soso kuwa, in ya faɗi sau goma, sai a nemo gam sau goma.

Abin da ke cikinsa

Akwatin da ke hannun matuƙi tana da 'yan sanduna biyu da a ke motsawa da manyan yatsu. Ita ke aika saƙo ta iska zuwa ga wata 'yar na'ura da ke cikin jirgin, wadda ba ta fi akwatin ashana ba. Na'urorin yanzu kowace akwati takan ƙulla da jirginta ita kaɗai, saboda haka mutum biyar suna iya tashi a fili ɗaya ba wanda ya shiga wa wani. Ita 'yar na'urar ke rarraba umurni: wani ga injin lantarki mai juya farfela, wani ga waɗansu ƙananan injina da masu sana'ar ke kira sarbo, masu ja da tura leɓɓan da ke jikin fukafukai da bindi.

Leɓɓan nan su ne linzamin jirgi, kuma iri uku ne. Akwai na kwance a bindi, wanda ke ɗaga kan jirgi ko ya sunkuyar da shi. Akwai na tsaye, shi ma a bindi, mai karkata hanci dama ko hagu. Sa'an nan akwai guda biyu a bayan fukafukai, in ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, jirgin ya kishingiɗa gefe guda. A tsarin da ya fi yaɗuwa, sandar hagu ita ce totur in an tura ta gaba, in an kai ta gefe kuwa ta motsa leɓen tsaye. Sandar dama in ka jawo ta wajen cikinka kan jirgi ya ɗaga, in ka tura ya sunkuya, in ka kai ta gefe ya kishingiɗa.

Me ke riƙe shi a sama? Gudu ne. Farfela na jan jirgi gaba, iska na bi ta saman fiffike da ƙarƙashinsa, fiffiken kuwa an ɗan tanƙwara shi an kuma ɗan ɗaga gabansa, sai ya riƙa tura iska ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Duk yaron da ya taɓa fid da tafin hannunsa ta tagar mota a kan hanyar Maigatari ya ji wannan a jikinsa. In gudu ya ragu, ko aka ɗaga kan jirgi fiye da kima, iskar ta daina bin bayan fiffike sumul, sai ɗaukar ta yanke, jirgi ya rikito. Wannan shi ne babban abin da ke kashe jiragen masu koyo, kuma abin takaici, tsoro kan sa mutum ya ƙara jawo sanda, watau ya ƙara wa cutar ƙarfi. Maganinsa a saki sanda, a bar kai ya sunkuya, a ƙara totur, in gudu ya komo sa'an nan a ɗago a hankali.

Wajen saye, ido kan ruɗi mutum. Zai ga mai siffar jirgin yaƙi, siriri mai sheƙi, ransa ya biya. To, wannan kamar a ba wanda bai taɓa hawa ba ingarman doki ne ran sallah. Jirgin koyo shi ne wanda fiffikensa ke bisa gadon bayansa, bakunan fiffiken sun ɗan yi sama, faɗinsu mita 1 zuwa 1 da rabi, jikinsa na soso mai tauri, tafiyarsa a hankali. Irin wannan in ka saki sanduna shi da kansa ya kan nemi daidaita. A ƙasarmu ta rairayi na fi son wanda farfelarsa ke bayan fiffike, maras taya, wanda a ke jefawa da hannu ya kuma sauka da ciki. Taya ƙanana nutsewa su ke yi a yashi, farfelar gaba kuwa ita ke fara shan ƙasa. Wanda ke da hannu yana iya yanka jikin jirgin da kansa daga allon soso, ya sayi inji da batir da na'urar rediyo kaɗai, amma kada ya fara da zanen kansa. Ya bi awon da wasu suka riga suka gwada.

Ga maganar bindi da na ce mu riƙe. Jirgi yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, kamar sikelin mai awo. Ka sa yatsu biyu ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike in an auno daga gabansa, ka ɗaga. In ya tsaya daidai, ko kai ya ɗan rinjaya kaɗan, madalla. In bindi ya rinjaya, kada ka kuskura ka jefa shi, gama zai riƙa ɗaga kai yana tangaɗi, ba kuwa gwanin da zai iya bi da shi. Gyaran ba wuya, a matsar da batir gaba har awo ya yi.

Fili da iska

Nan Allah ya yi mana baiwar da mutanen manyan birane ke nema da kuɗi. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, da rani kuwa gonaki fayau su ke. Sai dai a nemi izinin mai gona, a kuma zaɓi wurin da ya fi filin ƙwallo girma, ba gawo ko kuka kusa, ba wayar lantarki, ba dogon ƙarfen kamfanin waya, ba kututturen kara da zai farke cikin jirgi. A nisanci garke. Raƙumi da saniya ba su san wannan ƙara ba, in suka firgita suka yi ɓarna kai za a kama.

Lokaci kuma shi ne da sassafe, daga an fito sallar asuba gari ya waye zuwa hantsi, ko kuwa da la'asar sakaliya. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan yi ƙarfi in rana ta ɗaga, ga hazo da ke ɓoye jirgi tun bai yi nisa ba. Da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40, ƙasa ta ɗau zafi, iska ta riƙa tashi sama gungu gungu, har guguwa ta murɗa. Wannan iskar ce shirwa da ungulu ke hawa suna shawagi ba su kaɗa fiffike ba. Gwani yana neman ta, amma mai koyo jefa shi za ta yi ta yi. Ka ɗebi ƙura ka watsa: in ta zuba kusa da ƙafarka, tashi, in ta yi gaba kamar ana sheƙe, koma gida. Kuma ko yaushe a tashi a sauka ana fuskantar iska, kamar yadda kowane tsuntsu ke yi.

Tun kafin a je fili, akwai manhajar kwaikwayo ta kwamfuta da ta waya, wadda mutum zai yi ta tuƙi yana faɗuwa ba asarar ko kwabo. Wanda ya yi mako biyu yana ba ta rabin sa'a kullum ya rage wa kansa hasara mai yawa. In kuwa an sami wanda ya iya, ana haɗa akwatinsa da ta almajiri, malami ya kai jirgi sama ya miƙa, in ya ga abin zai ɓaci ya karɓe da yatsa guda.

Tashin fari

Ka fara kunna akwati, totur na ƙasa, kana ka haɗa batirin jirgi. Wajen kashewa kuma batir za a fara cirewa. Ka tsaya bayan jirgin ka motsa kowace sanda, ka tabbata kowane leɓe ya bi inda ya kamata: in ka jawo sandar dama, leɓen kwance ya yi sama, in ka kai ta dama, leɓen fiffiken dama ya yi sama. Jirage da yawa sun mutu cikin daƙiƙa uku don an juya wannan ba a duba ba. Sa'an nan wani ya riƙe jirgin, kai ka yi nisa kamar taki 30 ka gwada ko saƙo na isa.

Mai jefawa ya jefa shi a miƙe, kamar mai jifan mashi zuwa ga bangon duniya, kada ya cilla shi sama. A bar shi ya yi gudu, ya hau a hankali har ya wuce tsawon doguwar bishiya sau biyu ko uku. Mai koyo gani ya ke kusa da ƙasa ya fi aminci, alhali kuwa nisa da ƙasa shi ke ba ka damar yin kuskure ka gyara. In ya kai can sai a rage totur zuwa rabi. Juyawa kuwa abu uku ne a jere: ka kishingiɗar da shi kaɗan ka mai da sanda tsakiya, ka ɗan jawo don kada kai ya faɗi, in ya juyo ka kai sanda ɗaya gefen ya daidaita. Taɓawa a ke yi, ba murɗawa ba. Wanda ya danne sanda gefe ya riƙe, jirginsa zai yi ta wulwulawa har ƙasa.

Akwai wani abu da ba wanda ya tsira daga gare shi, ni ma ban tsira ba. Muddin jirgi na tafiya gaba ya ba ka baya, damarka damarsa ce. Da ya juyo ya fuskance ka, sai dama ta zama hagu. Ranar da na fara, na yi kewaye biyu lafiya lau har ina jin kaina, sai ga shi ya nufo ni, fiffike guda ya yi ƙasa. Na kai sanda don in ɗaga shi, ashe ƙara danne shi na ke yi. Kafin in ce me ke nan, ya kifa kai cikin yashi, batir ya yi waje, yaran da suka biyo ni kallo suka kwashe da dariya, wani ma ya tambaye ni ko direban ya ji ciwo. Dabarar da aka koya mini daga baya ita ce, in jirgi na zuwa gare ka, ka kai sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa, kamar mai tokare shi da gwafa. Wasu kuma su kan juya jikinsu su fuskanci inda jirgin ya dosa, suna waiwayensa ta kafaɗa.

Sauka ita ce jarrabawa. Batir ba ya wuce minti goma ko kusa da haka, saboda haka a sa agogo, a fara shirin sauka tun da sauran ƙarfi, don in ba ta yi kyau ba a ƙara totur a sake kewayowa. A bi da jirgi ta gefen fili iska na bayansa, a juyo da shi ya fuskanci iska tun daga nesa, a rage totur, a bar shi yana gangarowa da kansa, fukafukai a daidaice. In ya rage kamar tsawon gwiwa ya taɓa ƙasa, a kashe totur a ɗan jawo sanda, sai ya zame bisa cikinsa. In ya sauka nesa da kai ba laifi, ka taka ka ɗauko.

Batirin nan kuwa a yi hankali da shi. Kowane ɗaki nasa na cika a bolt 4.2, ba a kuwa so a zuƙe shi ƙasa da 3.5 ko wajen haka. Yana da cajarsa ta musamman. In ya kumbura, ko ya huje, ko aka bar shi a mota cikin rana, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A yi masa caji a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa da danga, mutum na zaune kusa. Farfela ma ba ta san yatsa ba, a cire ta duk sa'ad da a ke gyara.

Doka da iyaka

Wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci ga mutanen ƙasar Gumel. Abin da ke tashi da ɗan jirgin makaranta shi ne ke tashi da jirage marasa matuƙa na aiki da na yaƙi. Mayaƙan saman Nijeriya sun fito da nasu, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunayen kuwa sun isa su gaya wa Bahaushe aikinsu. A 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna da irinsu. Yaron da ya fahimci awon nauyi da aikin leɓɓa a firamare, ba baƙo ba ne in ya je Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Amma miyagu su ma sun gane amfanin abin. Tun watan Mayu na 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta hana a tashi jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, a farkon 2025 kuma sojoji suka hana tashinsu a Barno da Yobe da Adamawa. Yobe kuwa maƙwabciyarmu ce.

Saboda haka malamin da ke so ya kafa ƙungiya a makarantarsa ya fara da takarda, kada ya fara da jirgi. Ya rubuta wa shugaban makaranta da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, ya nemi bayanin rajista daga hukumar jiragen sama, ya ɗauki jirgin a hannu ya kai gaban hakimi da dagaci da babban jami'in 'yan sanda na yankin, su gani da idonsu soso ne da waya. Kada a ɗaura masa kyamara. Kada ya wuce ƙafa 400 a sama, kada ya ɓace wa ido, kada ya bi ta kan gidajen mutane, balle fada ko bariki ko shingen jami'an tsaro. Mutanen Maigatari da na ƙauyukan Sule Tankarkar da ke bakin iyaka su yi kudu sosai kafin su tashi, gama iska ba ta san inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara ba, jami'an da ke tsaron wurin kuwa ba za su tsaya tambayar ko na makaranta ne ba. Ran Alhamis kuwa, da kasuwar Maigatari ke ci, hanyoyi cike da shanu da raƙuma da fatake, a bar jirgi a gida.